Kilo Shida na Baba Katung

Duk ɗan Kudancin Kaduna da ke zaune tsakanin garuruwan Gaithersburg da Wheaton a Amurka ya san Kambai, kuma kafin shekarar 2014 ba a ambaton sunansa sai an yi dariya. Mai ɗaukar hoton ƙashi ne a wani asibiti, mutum mai sanyin magana, ba ya shan giya, ba ya rigima. Aibinsa ɗaya a wurin mutanenmu shi ne daji. Da ya samu hutun kwana biyu sai ya goya jaka ya nufi duwatsun Shenandoah ko na West Virginia, ya kwana a ƙasa kamar wanda aka kora daga gida. A coci matan zumunta kan tare shi su ce, wai mutum ya baro dajin Kagoro, ya sha layin biza, ya ƙetare teku, don kawai ya zo ya sake neman wani dajin. Shi dai sai ya yi murmushi ya wuce.

Ƙanen mahaifinsa, Baba Katung, shi ya kawo shi Amurka a 2002, ya ajiye shi a ɗakin ƙasa na gidansa a Wheaton har shekara uku. Direban bas ne Baba, mai ƙaton murya da son ba da labari, ga ciwon asma da yake ɓoyewa kamar abin kunya. Matarsa, Mama Edna, ita ta riƙe Kambai kamar ɗan cikinta, don Allah bai ba su haihuwa ba. A duniyar nan ba wanda Kambai yake jin nauyinsa kamar waɗannan biyun.

Jakarsa ta farko, da ya saya a 2004, kilo uku take yi tun ba a sa mata ko allura ba. Ƙarfe a baya, aljihu goma sha, igiyoyi ta ko'ina. Ya cika ta har da tukunya da gwangwanayen kifi, ya hau dutse, ya sauko da gwiwa a kumbure. Shi da ya taso yana ɗaukar buhun citta daga gona, abin ya ba shi haushi. Daga nan ya shiga bincike, ya gano akwai mutanen da suka mai da rage nauyi tamkar addini, ya kuwa shiga addinin da ƙafar dama. Ya sayi ƙaramin sikeli na kicin. Ya yanke mariƙin buroshin haƙori, ya cire takardar da ke jikin riga, ya datse duk igiyar da ta yi saura. A ƙarshe ya zaɓi jaka marar ƙarfe, ta wani yadi mai kama da leda wanda ruwa ba ya ratsawa, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Sai dai irin wannan jaka tana da sharaɗi: kada ta wuce kilo goma sha ɗaya. In ta wuce, sai ta lanƙwashe ta zube wa mutum a kafaɗa.

Wajen 2010 ya ƙara da jirgin roba, irin wanda ake naɗewa ya koma kamar tabarmar yaro a cusa a jaka, da filafili mai rabuwa gida huɗu. Mutum ya hau dutse da ƙafa, ya sauka bakin kogi, ya hura jirgi, ya ɗaure jakarsa a goshin jirgin, ruwa ya mai da shi inda ya bar mota. A wannan harka akwai doka guda da Kambai ya haddace, har yana koya wa Turawan da yake haɗuwa da su a hanya: kowa ya ɗauki kayansa, kuma abin da rai ya dogara da shi, magani da ashana da usur, a jikin mutum yake zama, cikin aljihun rigar ceto. Dalili kuwa, kogi yakan raba mutum da jirginsa, ya raba shi da abokinsa, cikin ƙiftawar ido. Ya faɗi wannan magana ya fi sau ɗari, kuma gaskiya ce.

Da Baba Katung ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi. Wata Lahadi bayan an tashi coci ya dafa kafaɗar Kambai ya ce, "Kai, wannan dajin naka, ka kai ni in gani. Ni na yi iyo a Kogin Kaduna tun ubanka bai yi aure ba."

Kambai ya so ya ƙi, amma ina bakin? Ya dubi Mama Edna ko za ta cece shi. Ita kuwa ta gaji da ganin mijinta a kujera, sai ta ce, "Ka tafi da shi, ɗana. Amma ka san ƙirjinsa. Amana na ba ka."

Sati uku ya yi yana shiri. Ya zaɓi tafiyar yini ɗaya, a wani kogi na West Virginia da ya sani kamar tafin hannunsa: awa huɗu a ƙafa, awa uku a ruwa. Ya saya wa Baba jaka irin tasa, ya auna komai ɗaya bayan ɗaya, jirgi da rigar sanyi da abinci da ruwan sha, duka ya tsaya kilo shida. Ranar tafiya, wata Asabar a ƙarshen Oktoba, Mama Edna da hannunta ta saka maganin shaƙa na asma guda biyu a aljihun saman jakar, ta ja zif, ta yi musu addu'a a bakin mota.

Awa ɗaya suka yi suna hawa Baba ya fara haki. Ba wani haki ne mai tsanani ba, na tsoho ne da ya kwana biyu bai motsa jiki ba, kuma kilo shida ba kaya ba ne. Amma Kambai yana biye da shi a baya, yana kallon furfura a ƙarƙashin hula da jaka a bayan dattijo, sai kunya ta kama shi. A inda ya taso, yaro ba ya tafiya babba na ɗauke da kaya. Ko fartanya ka gani a kafaɗar sa'an ubanka, da gudu kake zuwa ka karɓa, in ba haka ba a tambayi ɗan gidan wa ne kai. Shekara goma yana karatun jaka da sikeli, amma wancan karatun ya riga shi shiga jini.

"Baba, kawo in riƙe maka."

"Bar shi, ai ba nauyi."

"Haba Baba, ina raye?"

Baba ya yi dariya, ya sauke jakar, ana ganin daɗin abin a fuskarsa. Kambai ya juye kayan a cikin tasa jakar, ya naɗe jakar Baba da abin da ke aljihunta ya danna a sama, ya matse bakin da ƙyar. Kilo goma sha bakwai a jakar da aka yi don sha ɗaya. Ta lanƙwashe, igiyoyin suka shiga naman kafaɗarsa, shi kuwa har wani daɗi yake ji, don yana ganin yau ya yi abin da ya kamaci ɗa.

A bakin kogi suka hura jiragen, suka ci biredi da gyaɗa. Nan ne ya kamata ya mayar wa Baba kayansa. Sai ya ce wa kansa baƙon tuƙi ya fi sakewa in jirginsa ba kaya, ya ɗaure komai a goshin nasa. Ya ɗaura wa Baba rigar ceto da hannunsa, ya ga aljihunta wayam, maganin ya faɗo masa a rai. To amma ya riga ya ɗaure jakar da igiya huɗu, rana ta karkata, Baba kuma ya riga ya shiga jirgi yana waƙar coci. Ya ce in sun tsaya hutawa a gaba zai ciro. Ni dai na kasa kiran wannan mantuwa, don ya tuna.

Ba su yi minti arba'in a ruwa ba suka iso inda kogin ke matsewa tsakanin duwatsu. Kambai ya bi wurin ya fi sau goma, bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ya wuce gaba don ya nuna hanya. Da ya waiwayo sai ya ga jirgin Baba a kife, Baba kuma yana ta kokawa da ruwa har ya kama wani dutse a ɗaya gefen, ya ja jiki ya fita. Ya ɗaga hannu alamar lafiya lau. Kambai ya kafa filafili zai juya, jirgin ya ƙi. Nauyin da ke goshinsa ya nutsar da shi, ruwa ya kwashe shi ya zagaya kwana, ga duwatsu a tsaye hagu da dama, ba wurin tsayawa. Sai da ya yi nisan rabin kilomita ya samu ya fita.

Ya yanke igiyoyin da wuƙa, ya zaro maganin da rigar sanyi, ya kama gudu. Sarƙaƙiya ce ko'ina, ga santsin dutse, ga ruwan kaka mai sanyin ƙanƙara da sai ya ƙetare. Yana gudu yana kiran Baba, ba amsa sai ƙarar kogi. Ya fi rabin awa kafin ya isa.

Ya tarar da shi zaune ya jingina da bishiya, jiƙe sharkaf, leɓunansa sun yi toka, hannunsa ɗaya a cikin aljihun rigar ceto. Sanyin ruwan ya tayar masa da ciwon. Idonsa biyu, ya kuma gane Kambai, amma ba iskar da zai ja maganin da ita. Kambai ma'aikacin asibiti ne, ya yi duk abin da aka koya masa, ya danna ƙirji, ya hura baki, har hannuwansa suka daina jin umarni. Waya ba ta kamawa a wurin. Ya lulluɓe shi da rigar sanyin, ya bar shi shi kaɗai, ya hau tudu neman layi yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Gidan Wheaton ya cika da masu ta'aziyya. Takardar likita ta ce asma da sanyi, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Labari ya riga ya bazu cewa yaron bai bar Baba ya ɗauki ko tsinke ba, wani dattijon coci ma ya miƙe a falo ya nuna shi ya ce, "Ku dubi tarbiyya. 'Ya'yan da muka haifa a ƙasar nan, ina za su iya?" Aka yi ta sa masa albarka. Kambai ya tashi ya shige kicin.

Mama Edna na can zaune kan kujera, an ajiye mata shayi ya huce. Ta ɗago ta dube shi.

"Kambai, abu ɗaya nake so in sani. Ni na sa masa maganinsa, har biyu. Bai yi masa aiki ba ne?"

Da ya ce bai yi ba, da maganar ta mutu a nan, ba mai shaida sai kogi. Ya durƙusa a gabanta.

"Mama, maganin ba ya wurinsa. Yana cikin jakata. Ni na karɓe masa kayan."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, shi kuwa ya so ta yi. Ta rufe ido, hawaye na bin kuncinta, can ta ce, "Da ka dawo ka ce mini ka bar shi da kaya a baya, ni ce zan fara cewa ba ka da kunya."

Ta miƙe ta koma falo wurin baƙinta. Kambai na nan durƙushe har wata mata ta shigo neman faranti, ta ce ya ɗan matsa.