Jitar da ke Kunnen Hagu

Shekarar da aka tura ni koyarwa wata makarantar 'yan mata a ƙasar Gagarawa, gida ɗaya aka ba mu ni da malamar lissafi. Bango ne ya raba ɗakina da nata, amma tsakar gida da madafi da randa duk tare muke amfani da su. Kirista ce 'yar Filato, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ta daɗe a Jigawa har in tana ciniki a kasuwa ba mai cewa baƙuwa ce. Ɗalibai Madam suke ce mata. Ni ma haka na fara kiranta, sai wata rana muna tsince wake ta ce, "Ke, Madam ɗin nan a bar wa 'yan aji. A gida ni yayarki ce." Tun daga ranar na koma ce mata Yaya.

Mijinta ya rasu tun da ƙuruciyarta, ya bar ta da ɗa guda. Lokacin da na san ta yaron yana jami'a a Jos, a hannun ƙaninta. Da sikila aka haife shi. Ta ce min tun yana ƙarami in yara suka fita ƙwallo shi sai dai ya zauna a dakali yana kallo, don in ya yi gudu kwana zai yi yana kuka da ciwon ƙashi. Kawunsa ne ya ga zaman ya yi yawa ya sayo masa tsohuwar jita. Daga nan bai ƙara ajiye ta ba.

Da ya girma sai shi da wasu samarin cocinsu suka haɗa ƙungiyar kiɗa. Ba irin waƙar da mawaƙan coci ke rerawa a tsaye cikin riguna iri ɗaya ba. Nasu rok ake ce masa: jita mai aiki da lantarki, da ganguna masu ƙara, da wani da aikinsa shi ne ya zauna gaban kwamfuta yana fito da sautin da ba na kowane abin kiɗa ba. Waƙoƙin dai na yabon Ubangiji ne, rabi Turanci rabi Hausa. Duk sanda suka gama sabuwa sai ya turo wa uwarsa ta waya.

Yaya ba ta son kiɗan nan ko kaɗan. Takan leƙo ɗakina da wayar a hannu ta ce, "Zo ki ji, don Allah. Wai yabon Ubangiji ke nan." Sai ta kunna, wani ƙugi ya cika ɗakin. "Kin ji ko? Kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali." Mu yi ta dariya. Kafin waƙar ta kai rabi ta kashe, sannan ta danna wayar ta aika masa da murya: "Na ji, ɗana. Allah ya yi albarka. Ka sha maganinka, ka sa rigar sanyi." Ita nata tsofaffin waƙoƙin littafi ne, masu tafiya a hankali. Su take rerawa ƙasa-ƙasa ran Lahadi da safe tana goge zanenta, kafin mai babur ya zo ya kai ta bakin titi ta hau motar Gumel zuwa coci.

Sau ɗaya na taɓa ganinsa. Ya zo hutu, dogo siriri, idanunsa da ɗan rawaya-rawaya, ga yawan dariya. Anti yake ce min. Da yamma yakan zauna gindin darbejiya da jitarsa, ba wuta ba sifika, sai wani ɗan sauti siriri da sai ka matso za ka ji. Ran Alhamis muka kai shi kasuwar Maigatari. Ya tsaya a kara, wurin dabbobi, yana kallon raƙuma da manyan shanun Nijar baki buɗe, ya sayi malafa, ya yi ta kwaikwayon yadda mutanen Damagaram ke ƙirga kuɗi, har direban motarmu ya ce a bar masa yaron nan ya riƙa yi masa kwandasta. A hanyar dawowa ya gaya min suna haɗa albam ɗinsu na farko a sitidiyo, kaɗan-kaɗan, duk sanda suka samu sarari.

Da damina ta yi nisa ciwon ya tashi masa. Sanyin Jos bai taɓa yi masa daɗi ba. Muna ofishin malamai aka kira Yaya a waya, na ga ta miƙe tsaye da wayar a kunne, alli yana hannunta. Ta kama hanya a ranar, amma kafin motarsu ta wuce Kano aka sake kiranta. Ba ta same shi da rai ba.

Mun je mata gaisuwa, mu malamai, mota guda. Bayan wasu makonni ta dawo bakin aiki. Ba ta fasa shiga aji ba, ba ta fasa duba littattafan yara ba, har faɗan da take yi wa masu makara bai ragu ba. Abin da ya canza a gida ne. Ran Lahadi sai na ji motsin dutsen guga kawai, babu waƙa. In na zuba mata tuwo sai ta ci loma kaɗan ta ce ya yi daɗi, ta rufe.

Bayan an gama yankan gero, wata Juma'a da muka tashi daga makaranta, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin katifa. Ta daɗe tana juya wayarta.

"Abokansa sun kira ni," ta ce. "Sun ƙarasa albam ɗin. Yau suka sake shi a intanet. Sun ce duk waƙoƙin da jitarsa a ciki, ya riga ya gama nasa kafin ya kwanta."

Na ce, "Allah sarki. Kin saurara?"

"Ina sabis ɗin yake a nan? Tun ɗazu abin ke ta juyawa." Ta ajiye wayar a kan katifa. "Kuma ba zan iya ji ni kaɗai ba. Kin san ban taɓa jin waƙarsa ko ɗaya har ƙarshe ba? Ko ɗaya. Kullum sai in ce masa na ji."

Na ce ta shirya, gobe Asabar mu tafi Gumel gidanmu, can sabis yana da ƙarfi.

A mota na fara tunanin mahaifiyata. Inna mace ce mai carbi da rediyo, rediyon ma sai wa'azi da sanarwar rasuwa. Ko waƙar biki aka kunna a maƙwabta sai ta ja tsaki ta shige ɗaka. Ta san Yaya, suna gaisawa, ta ma aika mata da gaisuwar rashin ta bakina. Amma kiɗan coci mai ƙarar nan a cikin gidanta, ban san yadda za ta ɗauka ba. Na yanke a raina za mu shige tsohon ɗakina mu rage murya.

Mun isa da hantsi. Inna ta shimfiɗa mana tabarma, ta sake yi wa Yaya ta'aziyya, ta dama mana fura. Bayan azahar muka shiga ɗaki na saki labule. Na sauke albam ɗin a wayar Yaya. Hoton da ke jikinsa wata kujera ce ba kowa a kai, an jingina jita a gefenta. Yaya ta kalle shi sau ɗaya ta kifa wayar a cinyarta. Ni na haɗa da 'yar sifikata na kunna.

Waƙar farko ta fara da wani sauti kamar ruwa yana ɗiga a bokiti, sai ganguna suka shigo, sai jita, komai ya kaure. Na yi sauri na rage, amma ɗakin ƙarami ne, ƙofar kuma labule kawai. Ba a jima ba na ga ƙafafun Inna a ƙarƙashin labulen. Ta ɗaga ta shigo, carbinta a hannu. Na kai hannu zan kashe.

"Bar shi," in ji Inna. Ta dubi Yaya. "Malama, na yaron ne?"

"Nasa ne, Inna. Shi da abokansa."

Inna ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna. Ta karkata kai tana saurare, fuskarta a yamutse kamar mai shan magani. Can ta ce, "To wanne ne nasa a ciki? Shi ne mai waƙar?"

"A'a, shi jita yake kaɗawa."

"Wacce ce jitar?"

Yaya ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Jita biyu ce a ƙungiyar, ta san da haka, ta san ma ɗaya yaron da uwarsa. Ta matso kusa da sifikar. Ta saurara, ta sake saurara. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ban sani ba," ta ce. "Ban san wanne ne hannun ɗana ba."

A nan kukan ya zo mata. Ko a Jos wurin makoki ban ga ta yi irinsa ba. Ta dafe kai da hannu biyu tana cewa ita wace irin uwa ce. Na kashe kiɗan. Inna ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta dai sa hannu a bayanta ta bar shi a nan.

Da ta ɗan lafa na ce mu kira abokin nasa da ya yi mata waya jiya. Ta miƙo min wayar. Shi ne mai kwamfutar, shi ya haɗa sautin duka. Na gaya masa ko ni wace ce, na gaya masa abin da ake ciki, na sa yadda kowa zai ji.

"Mama, ba laifinki ba ne," ya ce. "A sifika ɗaya duk a cakuɗe suke fitowa. Ki sa iyafis. Da gangan na raba su. Ta kunnen dama ta ɗayan ce. Duk abin da kika ji na jita a kunnen hagu, shi ne."

Na ɗauko iyafis ɗina a jaka na sa mata a kunnuwa biyu. Ta kunna daga farko. Bayan ɗan lokaci ta zare na dama ta bar shi yana lilo a ƙirjinta, ta toshe wannan kunnen da yatsa, ta rufe ido.

Mu ba ma jin komai sai ɗan tsitsi da ke fita daga wanda ta zare. Muka zauna muna kallonta. Wani lokaci ta gyaɗa kai, wani lokaci hawaye ya gangaro ta bar shi. A wata waƙar ta yi 'yar dariya ba zato, ta ce, "Ji shi, yana gaggawa. Haka yake cin abinci." A farkon wata kuma ta zabura ta riƙe hannuna. Ashe yaran sun bar wani guntun magana da aka ɗauka a sitidiyo kafin a fara kiɗa. Ta mayar baya ta sa min a kunne. Na ji tari, na ji dariyar nan tasa, sannan ya ce, "Ku tsaya, yatsana ya ƙage. To, mu je." Shi ke nan maganar. Ta mayar da wurin ban san sau nawa ba.

Da aka kira la'asar ita da kanta ta tsayar, kamar yadda ta saba yi a gida in ta ga na shimfiɗa darduma. Muka yi salla, ta jira mu a tsakar gida. Da muka idar Inna ta zauna kusa da ita, ta shiga ba ta labarin yayyena biyu da suka rasu kafin a haife ni, ɗaya da ƙyanda, ɗaya kuma zazzaɓin kwana biyu. Na san an yi su, amma ban taɓa jin Inna ta faɗi kamanninsu ba sai ranar.

"Ni ko hoto ba ni da shi," ta ce. "Babban yana da wata 'yar waƙa da yake yi wa akuya in zai ba ta dusa. Na yi na yi in tuno ta, ta ɓace min. Ki je ki ƙarasa jin naki, Malama."

Yaya ta koma ɗaki ta ƙarasa. Sai gab da magariba muka samu motar komawa, mu da buhunan riɗi da wata tsohuwa mai kaji.

Ban ce daga ranar ta warke ba. Akwai ranakun da ba ta fitowa sai lokacin aji. Kiɗan ma ba wai ta koma sonsa ba ne, ta ce min har gobe gangunan suna sa mata ciwon kai. Amma ta haddace albam ɗin tsaf, ta san inda yake shigowa a kowace waƙa da inda yake yin shiru. A ƙarshen shekarar karatu ta nemi ritaya ta koma garinsu. Na raka ta tasha a Gumel, Inna ta ba ta ƙullin kuka da daddawa.

Muna waya har yanzu, ko da yake ba kamar da ba. Kwanakin baya ta kira ni ta ce yaran sun fitar da sabon albam, sun ɗauki wani sabon mai jita, har sun gayyace ta wurin ƙaddamarwa a wani zaure a Jos. Na tambaye ta ko ta je.

"Na je. Suka sa ni a kujerar gaba, dab da sifika, kunnena har yanzu yana ƙara. Suka kira ni in yi addu'a, na yi." Ta ja numfashi. "Sabon yaron ɗan marayan Allah ne, a ɗakin coci yake kwana. Na ce ya riƙa zuwa ran Lahadi yana cin abinci. Makon jiya ya zo, ya cinye tuwo malmala uku, ya yi barci a kan kujera har yamma."

Na ce, "Ya iya kiɗan kuwa?"

"Sun ce ya iya," ta ce. "Ni ban saurari nasa ba tukuna. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta yi sauƙi?"