Habbanayen karnukan Kawu Bawa

Duk wanda ya zauna Kore Mairuwa ya san Kawu Bawa ba ya gaida mutum sai ya gaida karnukansa. Ƙanen uwata ne, tsohon sojan Faransa. Da safe zai busa usur, karnuka goma sha ɗaya su jeru gaban ɗakinsa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. In ka yi sallama a lokacin, sai ka jira. Babu wanda ya saya a cikinsu. Wanda anka jefa rami, wanda yara sunka karye wa ƙafa, kwiyakwiyan da uwarsu ta mutu, su ne rundunarsa.

Ni na shiga aikin ne shekarar da na dawo daga ci-rani a Kurmi, can kudu, hannu wofi, da mata da 'ya'ya uku. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, ba wanda zai ba ni kujera a biro, ofishin gwamnati. Kawu ya dube ni ya ce tunda sabuwar gwamnati ba ta buƙatata, shi yana buƙatar kofur. Ladan aikin, in ji shi, yana wurin Allah, in je can in tambaya. Ni ke cire kaska, ni ke tsoma tsumma cikin kunu in matsa wa jarirai a baki, ranar kasuwa kuma in bi mahauta da ƙwarya ina roƙon ƙashi. Da yawa cikinku kun yi mini dariya. Ina sane da ku.

Liman ya taɓa zuwa da kansa ya yi masa nasiha cewa mala'iku ba su shiga ɗakin da kare yake. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya. Washegari ya fitar da gadonsa da rigar sallarsa gindin itacen bedi, ya bar wa kwiyakwiyai ɗakin.

"To, Malam, yanzu in sun zo ina waje," ya ce.

Sai shekarar da mahaukacin kare ya ciji wani a ƙauyen gabas. Gardi, ɗan sandan gwamnati, ya zo kasuwa ya yi shela: ranar Litinin za a watsa nama mai guba, duk karen da ke cikin gari ya ci nasa. Mutane sunka yi ta kallon Kawu suna murmushi. Ya maƙala lambobinsa na soja a ƙirji, ya tafi wurin mai gari, ya ce karnukansa lafiya lau suke, a zo a duba. Mai gari ya ce takarda daga sama ta zo, ba shi da ta cewa. Kawu ya tambaya ko 'yancin kan da anka yi ta kiɗa dominsa bai kai ga masu ƙafa huɗu ba. Anka kore shi.

Ranar Lahadi da rana tsaka ya busa usur, munka ratsa tsakiyar gari, shi gaba, karnuka a tsakiya, ni a baya da kwandon jarirai a ka. Rugar Jauro Buba munka nufa. Kun san Ba'are, wato ɗan ƙabilarmu, da Bafillace taubasai ne, abin da ɗaya ya ɗora wa ɗaya cikin wasa ba a mai da shi. Kun kuma san habbanaye: a ba ka aron saniya, ta haihu, ka riƙe 'ya'yan, ka mai da uwar.

"Bawana, na kawo maka habbanaye," in ji Kawu.

Jauro ya leƙa bayansa yana neman saniya. Ya ce tun kakanninsa bai ji wanda ya yi habbanayen kare ba, amma abin da ba a gani ba ai sai wurin Ba'are.

"Ka ƙi, in shiga kasuwa in ce Bafillace ya mai da amana."

Jauro ya zage shi, ya zagi garinmu kaf, sannan ya sa anka kawo nono a ƙwarya.

Goma sunka tsira. Na goma sha ɗaya, wani tsoho mai ido guda da Kawu ke kira Sarjan, ya tsinke igiya ya biyo sawunmu zuwa gari. Ranar Litinin munka tsince shi matacce bakin rijiya. Kawu ya haƙa rami da kansa, bai yarda na taɓa galmar ba. Daga ranar bai ƙara gaida mai gari ba, ko a masallacin Idi.

Bara Kawu ya rasu. Bayan sadakar arba'in ɗinsa, sai ga Jauro a ƙofata da iyayen karnukan a igiya. Ya ce sun haihu, ya riƙe nasa, ga na mai shi, kuma ni ne magaji. Na ce wasa ta wuce ƙa'ida. Ya ce Ba'are ne ya fara karya ƙa'idar.

Suna nan gidana. Waɗanda dila ya ishe su da ɗaukar 'yan awaki yanzu suna zuwa roƙon kwikwiyo, har da ɗan mai gari. Sai mutum ya zauna ya cire kaska wuni guda kafin in ba shi. Wanda bai iya ba, ga hanya.

Allah, ka ga abin da bawanka Bawa ya ciyar, ka ga inda ya kwana dominsu. Ka yalwata masa kabari, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar. Amin.