Littafin da Ya Rame a Hannuna

Ranar wata Laraba cikin watan Yuni na 1996, an wayi gari da ruwan shuka a Dutse, filin firamarenmu ta Yalwawa duk ya yi kududdufai. Muna aji shida, ina da shekara goma sha ɗaya. Malam Isiyaku, malamin ajinmu, ya sa aka fito masa da tebur baranda, ya ce kowace yarinya ta kawo littafinta na aikin aji, domin da shi za a zaɓi wadda za ta je jarrabawar shiga makarantar kwana ta masu hazaƙa. Gurbi ɗaya tak aka ba 'yan matan makarantarmu, kuma ko mai sayar da rake a bakin ƙofa ya san nawa ne, tunda tun daga aji ɗaya ban taɓa zuwa ta biyu ba. Na miƙa littafina da hannu biyu. Malam ya ɗaga shi ta bango ɗaya, sai kawai cikinsa ya zube. Fallaye suka watse, iska ta kwashi wasu ta kai cikin taɓo. Littafi mai falle sittin, abin da ya rage a jikin bangonsa goma sha biyu ne. Malam ya dubi littafin, ya dube ni, ya ce, "Ke Bilkisu, gara ce ta ci shi ko ke?"

Ni ce na ci shi, amma sai na koma da ku gidanmu kafin ku gane dalili. Mahaifina mai buga tafireta ne a sakatariya. Yana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano da aka yi sabuwar jiha, lokacin da Dutse ba ta wuce duwatsunta da dabinonta da titi ƙwaya ɗaya ba. Muka kama hayar ɗaki biyu a wani gidan ƙasa mai rijiya a tsakar gida da bishiyar darbejiya a ƙofa. Aikina da safe shara da wanke-wanke, da yamma in taya Umma surfe, in kore kaji daga shanyar gero. Baba kuwa da la'asar yake dawowa a kan kekensa, yatsunsa baƙi ƙirin da tawadar takardar kabon, ga damin takardu a ɗaure a bayan keken. Takardun da suka lalace ne. A zamanin nan in ka buga wasiƙa harafi ɗaya ya kuskure, maigidanka ya zagaye shi da jan biro, to sai ka sake ta tun daga sama. Baba yakan ajiye damin ya ce, "Takarda mai gyara ba ta shiga ofishin manya." Maƙwabciyarmu Iya Abu ce ke kwashe su, tana ƙunsa ƙosai.

To, kafin Iya Abu ta aiko, ni nake fara zama da su. Sa'o'ina suna ƙofar gida suna 'yar gala-gala da carafke, ana kirana, ni ina gindin darbejiya ina farautar kuskure. Ko wadda ba a zagaye ba sai na bi ta layi-layi har na kamo harafin da ya kashe ta. Wasiƙa ce tsaf, an jera ta kamar haƙoran matsefi, amma saboda harafi ɗaya gobe da safe mai zai jiƙa ta. Wasa na ɗauke shi, ashe karatu nake yi, kuma ya zauna mini fiye da duk abin da aka koya mini a aji.

Ga kuma wani abu. Ni ce 'yar fari, kuma Baba mutumin da ne, mai tsananin kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in kuma da Umma yake magana, "yarinyar nan". Ƙanwata Hassana takan hau cinyarsa ta ja masa gemu, ya yi ta dariya, ya ciro mata dabino daga aljihu. Ni in na kawo sakamako na zo ta ɗaya, sai ya karɓa, ya duba, ya ce "To," ya miƙa wa Umma. Yau na san alkunya ce. Amma yarinya 'yar shekara takwas ina ta san wata alkunya? Abin da na fahimta shi ne akwai wani harafi a jikina da bai zauna daidai ba, kuma ranar da na gyara shi, Baba zai ce wani abu bayan "To".

Haka na fara yage fallaye. In na rubuta layi tara lafiya, a na goma biro ya yi ɗigo, sai in cire fallen in sake. In Malam ya sa jan biro a wuri ɗaya, ina zuwa gida zan cire in kwafe sabo, ba gyara, ba kuma makin Malam. Wadda ke zaune kusa da ni, Lami, 'yar masu ƙuli-ƙuli ce, littafinta duk tabon mai, ga jan biro kamar an yanka kaza a kai. Nakan dube shi in taɓe baki. Ita kuwa ko a jikinta, in ta yi kuskure ta ja masa layi ta wuce, har tana tsokanata wai littafina azumi yake yi. Abin da ban lura da shi ba, littafin rubutu 'yan wayoyi biyu ne suka riƙe shi a tsakiya, kowane falle na gaba haɗe yake da ɗan'uwansa na baya. Da farko in na yage, farar takarda ce ke saki a baya, ban damu ba. Da na wuce tsakiya sai abin ya juya: duk fallen da na yage, wani aikin da na riga na gama, mai kyau, wanda Malam ya yi wa maki, shi ke saki a gaba. Sai in soke shi a ciki haka nan. Masu kuskuren kuma in dunƙule, in cusa a wani tsohon tulu da ke bayan ɗakin girki, don kada kowa ya gani.

Abin da ya zube a gaban Malam Isiyaku ke nan. Ya sa aka tsinto na cikin taɓo, tawada ta riga ta narke. Ya juya 'yan fallayen da suka rage, ya ce hedimasta zai tura littafin da aka zaɓa tare da suna, kuma ba zai tura bango ba. Ya ɗauki na Lami, da tabon mai da jan biro da komai, aikin zango guda cif, ba abin da ya ɓace. Ya rubuta sunanta. Sannan ya ce da ni, ba da faɗa ba, "Garin neman gira kin rasa ido." Wallahi da bulala ya yi mini da ta fi sauƙi.

Umma na gaya wa, ita ta gaya wa Baba. Ina bayan ƙyaure ina jira. Ko "To" ɗin ma ban samu ba. Washegari ya fita da kekensa tun kafin mu karya, abin da bai saba ba, na ce shi ke nan, ko ganina ba ya son yi. A makon nan ciwon ciki ya kama ni, gabana ya riƙa faɗuwa ba dalili, tafin hannuna yana gumi. Aka ce ciwon shawara ne, aka jiƙa mini saiwa, aka karɓo rubutu na sha. Da hutu aka kai ni wurin kakata a wani ƙauye kusa da Garki, wai in sha iska. Can ma ban bar hali ba. Aka ba ni layi biyu na gyaɗa in cire ciyawa, yaran gidan suka gama nasu suka tafi cin kanya, ni ina nan ina tsince wadda ko akuya ba za ta gani ba. Kaka ta leƙo ta ce, "Jikanyar nan, gona ake nomewa, ba a wanke ta."

Na tafi sakandaren jeka-ka-dawo, na ci gaba da zuwa ta ɗaya. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka sauya mana kayan makaranta, ni kaɗai ce ke goge hijabi har sau biyu. Na karanta zanen gine-gine, na yi suna, yau akwai gine-gine a Dutse da Kano da in na wuce nakan ce wannan daga hannuna ya fito, kuma ba na jin kunyar faɗa, na iya aikina. Sai dai ba wanda ya san abin da nake biya. Zanen da abokan aikina za su gama a mako, ni sai in yi wata ina sakewa. In waya ta yi ƙara gabana ya yanke, na ɗauka an gano kuskure. Shekara uku da suka wuce na riƙe zanen wani asibitin haihuwa har wa'adi ya wuce saboda tagogin ba su kwanta mini ba, aka ba wani kamfani. Ranar numfashina ya sarƙe a ofis, aka kwashe ni sai asibiti. Aka auna zuciya, lafiya lau. Likitan ya tura ni wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam, na ce masa ni ba mahaukaciya ba ce. Ya ce ya sani, in je dai.

Na je ina cika ina batsewa, na tarar da mace mai sanyin magana wadda ba ta ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce abin da ke damuna fargaba ce, da aƙidar cewa in abu bai cika cif ba to banza ne, kuma tana ganin irina da yawa, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a. Ta koya mini yadda zan ja numfashi in abin ya taso. Ta sa ni in riƙa tsayar wa aiki lokaci, in ya cika in miƙa ko da raina bai kwanta ba. Ta ba ni littafin rubutu ta ce in riƙa rubuta abin da nake tsoro da biro, in na yi kuskure in ja layi in wuce, kamar Lami. Ranar farko da ƙyar na ja layin. A zama na shida ta tambaye ni, in na miƙa aiki, fuskar wa nake gani? Na buɗe baki in ce ta mai aikin, sai kuka ya ƙwace mini, ni da 'ya'yana uku.

Da ƙyar na iya zuwa wurin Baba a Yalwawa da maganar. Ya tsufa, ya daɗe da yin ritaya, yana zaune a kan buzunsa a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na kawar da kai, na ba shi labarin littafin nan tun daga farko, har na ce na san na ba shi kunya a ranar. Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon fayil ɗaure da koren zare, ya ajiye a gabana. Fallayena ne. Duk waɗanda na cusa a tulu, an warware su, an danne su sun miƙe, an jera su bi da bi, an huda an ɗinke. Ashe ya daɗe da sanin tulun. Ashe safiyar da ya fita bai karya ba, wurin hedimasta ya kai su, ya roƙa a duba, aka ce suna ya riga ya tafi. Ya dawo da su ya ajiye, kunya ta hana shi faɗa, shekara kusan talatin. Yana kallon bango ya ce, "Ni da aikina ke nan, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu ban ga abin da ya sa kika yage ba." Ya ɗan numfasa, ya ƙara da cewa, "Da nake cewa takarda mai gyara ba ta shiga, maganar ofis nake yi, Bilkisu. Ban san da ke nake yi ba." Ranar na fara jin sunana a bakinsa.

Yanzu tafireta ta zama tarihi, yaranmu suna goge kuskure da danna maɓalli ɗaya, ko alama ba ya bari. An rushe gidan hayar nan an yi shaguna, darbejiyar ma an sare ta. Lami malamar jinya ce, muna gaisawa, har yau in ta gan ni sai ta tambayi lafiyar littafina. Fargabar ba ta tafi gaba ɗaya ba, takan leƙo, amma na san ta, na san yadda zan zaunar da ita, kuma aikina yana fita a kan lokaci. Wani lokaci nakan yi kewar gindin darbejiyar nan, in ce da na ajiye takardun na je an yi carafken da ni. Fayil ɗin yana kan teburina a ofis. Kwanan baya 'yata ta fari ta kawo mini littafinta, da jan biro a wuri biyu, tana kallon fuskata. Na kira sunanta, na ce ta yi ƙoƙari, na miƙa mata shi da fallayensa cif.