Ƙafar da Na Gani Na Yi Shiru

Shekarun baya, lokacin ina fama da digiri na uku a wata jami'a a Bukit Jalil, can ƙasar waje, na buga ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano ana bangazar juna. Abokina ne ya ja ni filin, wai in rage tumbi. Tumbin bai ragu ba, amma aka gano hannuna yana da saiti, sai aka ba ni kwatabak, wato mai karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan gaba. Shekara biyu ina riƙe da wurin. Duk ranar da sufabaiza ta dawo min da babi jajawur da gyara, filin nan ne kaɗai inda ake jin maganata.

A shekara ta uku wani ɗan Gombe ya shigo aji ɗaya, ya shiga ƙungiyarmu. Jifarsa ba ta kai tawa ba, amma in ya rungume ƙwallo ya zura, sai dai a bi shi da ido. Ni kuwa gwiwoyina sun fara ƙara in zan miƙe daga sujada.

Kocinmu, wani dattijo ɗan ƙasar, ya ja ni gefe bayan atisaye.

"Gudu kam Allah ya ba shi. Jifa da natsuwa kai za ka koya masa. Boleh?"

Na ce boleh, wato zan iya a yarensu. Me zan ce?

Na koya masa riƙon ƙwallo, da tsayuwa, da inda zai kai ido. Amma abu ɗaya na riƙe. Duk sanda zai gudu da ƙwallo, kafin a miƙo masa sai ya ɗan ja ƙafar dama baya. In jifa zai yi, ba ya ja. Tun mako na biyu na lura, kullum sai in ce gobe zan faɗa masa. Wata rana muna cikin jirgin ƙasa na LRT za mu koma Sri Petaling, ya ce, "Yaya, akwai abin da ka ga ina yi ba daidai ba?" Na ce ya dai ci gaba da ƙoƙari.

Wata Asabar muka kara da wata jami'a, shi aka fara sakawa. Kafin hutun rabin lokaci masu tsaronsu sun gano abin da na gano. Yana jan ƙafa, mutum uku suka yo kansa. Da suka ɗaga shi, kafaɗarsa ta goce.

Koci ya ce in shiga, na shiga, kuma mun ci wasan. Ana ta bubbuga min hula, ni kuwa ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba.

Bayan kwana biyu na yi wa yaron tapau a mamak, wato na sayo masa abinci a leda daga shagon abinci, na same shi a ɗaki hannu a rataye. A tsaye na faɗa masa komai.

Ya kalli ledar abincin.

"Yaya, da ka faɗa min, ai yini ɗaya zan gyara."

Can ya turo min ledar da hannun hagu.

"Zauna ka kwance min, ba zan iya da hannu ɗaya ba."

Da na je wa koci da maganar, bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Ni fa ban gani ba. Shi ya sa na ba ka shi."

Da yaron ya warke muka gyara ƙafar. Ko yini bai kai ba. Ya zama kwatabak ɗin da ban taɓa zama ba, ni kuma na ajiye hula a ƙarshen wasannin shekarar.

A da na ɗauka sai ka ɗaga hannu ne kake cutar mutum. Ashe kana iya cutar da shi kana tsaye kusa da shi, kana murmushi. Yanzu koyarwa nake a gida, kuma in na ga kuskuren ɗalibi ba na bari ya kwana a bakina, har suna cewa na cika mita.

Duk Sallah sai ɗan Gomben nan ya turo min gaisuwa, bai taɓa ta da zancen ba. Ni ne dai har yau sai na daɗe riƙe da waya kafin in amsa.