Yaya Haruna da Daktorar da Muka Ƙi Kai Shi Wurinta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa a garinmu Omdurman, tsallaken kogi daga Khartoum. Allah Ya jiƙansa. Har yau in na bi ta gaban garejin nan na unguwar Bahri inda ya yi kanikanci, sai na waiga, kamar zan gan shi da baƙin mai har gwiwar hannu yana yi mini tsiya.

Haka yake kafin a sauke shi daga bas, a shekarun da ake kwasar samari ana kai su aikin soja. Ya dawo daga yaƙin kudu da ƙafafunsa da hannuwansa, muka yanka rago. Amma surutun nan nasa bai dawo ba. Sai ya zauna a tsakar gida ya zuba wa bango ido, shayi ya huce a gabansa. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura.

Mu kuwa gidan malamai ne. Tun da kakanmu ya yada zango a nan kan hanyarsa ta Makka, Larabawan unguwa ke zuwa ƙofarmu neman rubutun sha. Baba ya wanke masa allo, ya yi masa hayaƙi, ya yi iya yinsa. Wata maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ta ce akwai daktora a Khartoum, masaniyar halayyar ɗan Adam, mai takardar izinin aiki. Ba allura take yi ba, zama take da mutum ta saurare shi. Baba ya girgiza kai. "Mutane na zuwa wurinmu neman waraka, sai kuma a ga ɗana a can? Me za a ce?" Ni ma, wallahi, na goyi bayansa. Na ce Yaya ai ba mahaukaci ba ne.

Shekara huɗu yana haɗiye abin shi kaɗai. Aka ce hawan jini ne ya ɗauke shi.

Bayan rasuwarsa ni ce na kasa shiga ajin da nake koyarwa. Na tsallaka gada na je wurin daktorar a ɓoye, na ce wa Inna unguwar Sahafa zan je gaisuwa. Ba ta raba ni da addu'a ba, ba ta kushe rubutun Baba ba. Ta dai bar ni na amayar da abin da ba a faɗa a gidanmu, rabi da Larabci, rabi da kuka. Sannu a hankali na koma aji.

Da Yaya yana nan, na san abin da zai ce: "Ke Balki, ashe an sami mai jure surutunki?" Kai, ina kewar bakin nan nasa!

Abin da ya bar mana, a watan jiya na gan shi. Wata mata ta kawo ɗanta da ya dawo daga fagen daga, ba ya magana. Baba ya ba ta rubutu, sannan ya kira ni ya ce, "Balki, kwatanta mata wurin daktorar nan taki." Ashe tuntuni ya sani.

Da suka fita ya daɗe riƙe da alƙalami bai tsoma a tawada ba. Can ya ce, "Da ma nawa na fara aikawa."