Dattijuwar Tudun Fort Tryon

A tudun Fort Tryon da ke Amurka, inda wani ginin duwatsu mai kama da fadar sarakunan Turai yake fuskantar kogin Hudson, wata dattijuwa tana hawa da sandar asibiti. Leshinta sabo ne fil, amma takalminta farin nan ne mai laushi na masu jinyar tsofaffi a gidaje. Ƙafarta ta hagu a kumbure take. Tana ɗan taku, ta tsaya ta numfasa, ta gyara ɗankwali, ta ci gaba. Ga benci a gefe, ko kallonsa ba ta yi.

Da ta ji ina waya da Hausa, sai ta miƙo mini wayarta. Hausarta ta Zangon Kumasi ce.

"Ɗana, ɗauke ni hoto. Ginin ya fito, ruwan ma ya fito."

"Mama, ki ɗan zauna tukuna."

"A'a. Tun zuwana ƙasar nan, ɗakin majinyata da jirgin ƙasa kawai na sani. Wannan hutun na kaina ne."

Wataƙila jikoki a gida ke tambayarta yadda Amurka take, ita kuwa ba ta da abin nunawa.

Ta ɓoye sandar bayan katanga, ta tsaya cak, ta ɗaga haɓa. Ƙafar tana rawa. Na ɗauka. Ta ƙura wa hoton ido, ta girgiza kai, ta koma inda take.

"Ka yanke hasumiyar ginin. Sake."