Mahaucin da Ya Hana Malam Yo'el Kitse

Kafin rana ta yi zafi Idirisa ya dawo daga mahauta. La'asar na yi, ƙamshin balangunsa ya cika layinmu a unguwar Zariya. Mun girma mun tarar da shi a gindin bishiyar nan, kuma abin da ya yi suna a kai gyara ne: in ka sayi nama, sai ya ɗora maka kitse mai narkewa, kyauta.

Babu wanda ya ci gyaran nan kamar amininsa Malam Yo'el, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke zuwa daga Tsibiri duk Juma'a a kan babur ɗin kabu-kabu. Mukan tsokane shi cewa naman ne gyara, kitsen ya zo saye.

Wata rana matarsa Hadassa ta zo ita kaɗai. Ta ce likita ya auna jinin Malam ya ga maiƙo ya yi yawa, ya kuma ɗora masa na'ura a wuya. Bangon jijiyar da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa ya yi kauri, hanya tana tsukewa kamar tiyon da laka ta kwanta ciki. In ba a rage kitse an riƙe magani ba, ɓarin jiki na iya shanyewa. A gida ta tsare tukunya, amma ta san inda mijinta yake rama asara.

Juma'a Malam ya iso, Idirisa ya yanka masa tsoka zalla, ya tula albasa da tumatir.

"Ina gyarana, Idi?"

"Ga shi nan, Malam. Daga yau shi ke nan."

Malam ya yi fushi har da rantsuwa, ya koma cefane kasuwar Jiratawa a ɓoye. Ashe mahaucin can Idirisa ne ya koya masa riƙon wuƙa, kuma saƙo ya riga Malam isa. Malam ya dawo da albasa cike da takarda. Mun yi dariya har da hawaye.

Kai ne, Idirisa, ka yarda amininka ya yi wata guda bai gaishe ka ba, don kada ka je gaishe shi a kwance. Masu cewa ka yi rowa sun ƙaurace maka, ba ka sauya ba. Yanzu duk dattijon da ya zo, sai ka tambaye shi ko an auna shi, kai da ba ka taɓa zama a aji ba. Wallahi ina ƙaunarka saboda wannan taurin kai.

Bana likita ya ce da magani da kiyayewa kaurin bai ƙaru ba. Malam yana sauka tasha ya tako da ƙafarsa.

Mun gode, sarkin wuƙa. Masu tsire da masu tuya, ku duba fuskar mai saye kafin ku duba aljihunsa. Har jiya Malam Yo'el ya roƙi kitse ko ɗan ƙanƙane, aka hana shi. Allah ya sa ya daɗe yana roƙo, kai kuma ka daɗe kana hanawa.